Kwamfutar Ɗakin Jini Ta Ɗauke

MAMA: Salamu alaikum. Halo? Injiniya?

INJINIYA: Wa alaikumus salam. Wa ke magana... Mama? Mama, ku ne? Ina kwana, Mama.

MAMA: Lafiya lau. An tashi lafiya?

INJINIYA: Lafiya ƙalau, Mama. Ya gida? Ya ƙarfin jiki?

MAMA: Alhamdu lillahi. Ya hanya jiya? An sauka lafiya?

INJINIYA: Lafiya lau. Ya Baba? Ya ƙafar tasa?

MAMA: Da sauƙi. Ya aikin?

INJINIYA: Ga shi muna ta fama, wayoyi muke ja a wani sito. Ya asibiti? Ya mutanen ɗakin jini?

MAMA: Duk lafiya. Ya zafi?

INJINIYA: Zafi kam akwai shi. Mama... lafiya dai ko? Shekara uku da aurenmu da 'yarku, ban taɓa ganin kiranku a wayata ba. Kullum ta bakinta nake jin saƙo.

MAMA: To ai abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Ta faɗi ne.

INJINIYA: Innalillahi! Wa ta faɗi? A ina?

MAMA: Kwamfutar nan taka. Wadda ka haɗa mana.

INJINIYA: Au! Kwamfuta! Wallahi gabana sai da ya yanke. Daga kan tebur ta faɗo?

MAMA: A'a, tana nan zaune daram. Abin cikin ne ke faɗuwa. Rumbun.

INJINIYA: Rumfa? Wace rumfa kuma?

MAMA: Rumbu! Rumbun da ka zuba mana sunayen masu ba da jini!

INJINIYA: Ku yi haƙuri, Mama, ana huda bango a nan. Bari in fita waje. Kai, kashe abin nan tukuna! Yauwa. Halo? Kuna ji na?

MAMA: Ina jinka kamar daga cikin rijiya.

INJINIYA: Yanzu fa?

MAMA: Da dama-dama.

INJINIYA: To me yake yi, shi rumbun?

MAMA: Sai in buɗe shi, ya buɗe lafiya lau, ya gaishe ni. Ina danna nema, sai allon ya yi fari fat, sai ya ɓace. Kamar ba a taɓa buɗe shi ba.

INJINIYA: An kashe an kunna?

MAMA: Sau shida. Likita ma ya zo ya kashe ya kunna da hannunsa, wai ko hannuna ne.

INJINIYA: Tun yaushe ya fara?

MAMA: Yau da safe. Jiya da shi na yi aiki har na tashi.

INJINIYA: Me ya faru tsakanin jiya da yau? An sa mata wani abu? Wani ya soka mata filashi?

MAMA: Ba wanda ya isa ya taɓa ta, mabuɗin ɗakin a jakata yake kwana. Wuta dai aka ɗauke wajen ƙarfe tara, janareta ya yi gardama, sai da aka yi rabin awa kafin ya tashi.

INJINIYA: Akwatin nan baƙi na ƙarƙashin tebur bai riƙe ta ba? Mai ƙara ɗin nan in an ɗauke wuta.

MAMA: Wannan ai tun watan jiya aka ɗauke shi aka kai ofishin shugaban asibiti.

INJINIYA: Aka kai ina?

MAMA: Ofishin shugaba! Wai tasa kwamfutar ta fi buƙata.

INJINIYA: Ikon Allah. To Mama, ina jin ɗaukewar wutar ce ta ɓata wani fayil. Jibi in Allah ya yarda zan dawo, daga tasha wajenku zan fara sauka. Kafin nan ku lallaɓa da rajistar takarda.

MAMA: Wace rajista? Tun da ka kawo mana wannan abin shekara biyu ke nan, wa ya ƙara rubutu a littafi? Kai ne fa ka ce mun huta da takarda.

INJINIYA: Haka ne, amma...

MAMA: Ba jibi ba, yanzu nake so. Akwai mai jiran jini. O negatib, kuma leda ɗaya tak muke da ita a firij, an riga an ɗaura mata. Likita na son biyu. Lambobin wayar masu irin jinin duk suna cikin abin nan.

INJINIYA: Subhanallahi. Sauran asibitocin fa?

MAMA: An buga wa uku, babu. Na huɗu sun ce sai yamma. Tsaya... Na'am? Ki ce wa likita ana kai! Ki ce masa uwarta ce ke nema, ba zaune nake ina shan iska ba!

INJINIYA: Mama?

MAMA: Ina jinka. Me zan danna?

INJINIYA: Uwar wa?

MAMA: Ka ce me? Layin na karkatsewa.

INJINIYA: Layi lafiyarsa ƙalau, Mama. Na ji kun ce uwarta. O negatib... ai jininta ke nan. Mama, ita ce? Matata ce?

MAMA: Ka saurare ni...

INJINIYA: Saura wata guda fa ta haihu! Jiya da zan fito lafiya lau na bar ta, har ƙofa ta rako ni! Na kira ta ɗazu ba ta ɗauka ba, na ce ko barci take!

MAMA: Da asuba abin ya taso mata. Maƙwabciyarku ta kawo ta. Jini ne ya ɓalle, amma likitoci na kanta.

INJINIYA: Tun asuba! Kuma ba wanda ya kira ni? Muna nan muna ya gida ya zafi?

MAMA: Da na faɗa maka da fari, da yanzu kana bakin titi kana tare mota, kanka ba ya tare da kai. Awa huɗu ce tsakaninmu. Ƙafarka ba ta da amfani a wurina yanzu, kanka nake so.

INJINIYA: Ku ɗebi nawa... ni jinina... wayyo, ba iri ɗaya ba ne. Naku fa?

MAMA: Da nawa zai yi, da ka ji ni a waya? Ɗan nan, 'yata ce kafin ta zama matarka. Ka ga ina kuka? To ka tattara hankalinka ka faɗa min abin da zan danna.

INJINIYA: To. To. Bismillah. Bari in zauna. Kwafin nan da na ce a riƙa yi duk ƙarshen mako, a ƙaramin faifan nan da na bar muku?

MAMA: Mai shuɗin baya? Yana nan cikin durowa, a ledarsa. Ko ƙura bai yi ba.

INJINIYA: A ledarsa.

MAMA: Na adana shi sosai.

INJINIYA: Shi ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ke nan abin da ke cikin kwamfutar shi ne kaɗai muke da shi. Kada kowa ya goge komai.

MAMA: Af, to ga wani abu nan likita ya buɗe ɗazu, ya ce in ya ƙi in danna. Wai a mayar da kwamfuta yadda aka sayo ta. In danna?

INJINIYA: A'a! Kar ki taɓa! Ku yi haƙuri, kar ku taɓa, Mama. In kuka danna wannan, sunayen sun tafi har abada. Ku rufe shi. Alamar giciyen nan ta sama, ta hannun dama.

MAMA: Na rufe.

INJINIYA: Yanzu mu bi shi a hankali. Mu fara duba ko cikinta ne ya cika. Ku buɗe hoton jakar nan ruwan ɗorawa a ƙasan allo. Akwai wani dogon layi mai launi. Ja ne ko shuɗi?

MAMA: Jaka... ruwan ɗorawa... Linzamin kwamfutar nan ma ya ƙi tafiya. Yauwa. Shuɗi ne. Ko rabi bai kai ba.

INJINIYA: To ba cika ba ce. Ku buɗe rumbun, amma kada ku danna nema. Ku rubuta sunan wani da kuka sani a ciki, kowa ma.

MAMA: Na sa sunan direban motar asibiti. Ga shi ya fito, da hotonsa da komai.

INJINIYA: Bai ɗauke ba?

MAMA: Bai ɗauke ba.

INJINIYA: Alhamdu lillahi, ke nan sunayen na nan da ransu. To ku tuno sunan wani mai O negatib ku rubuta.

MAMA: Mutum dubu da ɗari bakwai ne a ciki! Da ina riƙe da su a ka, me zan yi da kwamfuta? Biyu na sani, na kira su tun ɗazu. Ɗaya ya yi tafiya, ɗaya tana shayarwa.

INJINIYA: To, to. Ku danna neman yadda kuka saba, ku faɗa min duk abin da kuka gani.

MAMA: Na zaɓi irin jini. Na danna "waɗanda lokacinsu ya yi". Yana juyawa... yana juyawa... Wayyo, ta sake mutuwa!

INJINIYA: Innalillahi wa inna ilaihi...

MAMA: Kwamfutar! Kwamfutar nake nufi!

INJINIYA: Mama, don girman Allah ku riƙa cewa kwamfuta. Zuciyata ba za ta ɗauka ba.

MAMA: To kai ma ka daina salati a kunnena, kana ruɗa ni.

INJINIYA: Neman suna yana yi, neman waɗanda lokacinsu ya yi ne ba ya yi. Me ya raba su? Me ya raba su... Halo? Halo, Mama?

MAMA: ...ba na ji... kamar ana soya...

INJINIYA: Tirela ce ke wucewa! Ku dakata! Yauwa. Mama, rumbun nan yana da wani littafi da yake rubuta wa kansa. Duk abin da ya same shi sai ya rubuta kafin ya ɗauke. Shi za mu karanta.

MAMA: Kamar fayil ɗin majinyaci.

INJINIYA: Shi ke nan, kun gane. A kan allo akwai jaka da na rubuta wa "Kar a taɓa".

MAMA: Ita ce ban taɓa taɓawa ba.

INJINIYA: Yau ku taɓa. A ciki akwai fayiloli jere da kwanan wata. Ku buɗe na sama, shi ne na yau.

MAMA: Na sama na jiya ne. Layin ƙarshe ya ce an rufe lafiya ƙarfe biyar da minti goma. Daidai lokacin da na tashi ke nan.

INJINIYA: Na yau fa?

MAMA: Babu na yau.

INJINIYA: Ba zai yiwu ba. Sau bakwai ya ɗauke, dole ya rubuta wani abu. Ku duba da kyau.

MAMA: Da tabarau a idona nake dubawa. Jiya, shekaranjiya, haka suka jeru har ƙasa. Babu yau.

INJINIYA: Ya Allah. To ko faifan cikin ne ya daina karɓar rubutu? In shi ne, mun shiga uku... A'a, tsaya, ai da ba zai buɗe ba ma. Ku gangara can ƙasa, na ƙarshe.

MAMA: Na ƙarshe... ɗaya ga Janairu. Na wata shekara can baya. Shekara sha huɗu ke nan.

INJINIYA: Wannan ba namu ba ne, ku bar shi. Ku koma sama.

MAMA: Na riga na buɗe. Ja ne rubutun duk.

INJINIYA: Mama, lokaci muke ɓatawa, tsohon abu ne...

MAMA: Tsohon abu a ina? Shekara sha huɗu baya kana ina? Ko sakandare ba ka gama ba. Kwamfutar ma ba a ƙera ta ba. Wa ya rubuta shi?

INJINIYA: ...Ku karanta min.

MAMA: Da Turanci ne. Yana cewa kuskure, lamba ba ta halatta ba. Kwanaki tun bayarwar ƙarshe... sai wata 'yar sanda, sai dubu biyar da ɗari da tara.

INJINIYA: Sanda? Wace irin sanda? A tsaye ko a kwance?

MAMA: A kwance. Alamar ɗebewa.

INJINIYA: Sau nawa aka rubuta haka?

MAMA: Ɗaya, biyu... bakwai.

INJINIYA: Bakwai! Na yau ne! Mama, ku dubi kusurwar allo ta ƙasa, hannun dama. Ƙarfe nawa ta ce?

MAMA: Ni da nake da agogo a hannu? Sha ɗaya da rabi ta wuce.

INJINIYA: Ba naku ba, nata!

MAMA: Ta ce... ƙarfe biyu da minti shida. Na dare wai. Ɗaya ga Janairu. Ikon Allah, ga rana tsaka tana cewa dare.

INJINIYA: Shi ne! Agogonta ne! Akwai wani ɗan batiri a cikinta kamar maɓallin riga, shi ke riƙe mata kwanan wata. Ya mutu ba mu sani ba. Da wuta ta ɗauke sai ta manta ranar yau, ta koma can baya.

MAMA: To ina ruwan agogo da jini?

INJINIYA: Ai ku kuka ce in sa kada ta fito da wanda bai cika wata uku da ba da jini ba. Sai ta lissafa daga ranar da mutum ya bayar zuwa yau. Yanzu a wurinta kowa ya ba da jini a ranar da ba ta zo ba tukuna. Lissafin ya fito a juye, ni kuma ban taɓa koya mata abin da za ta yi da irin wannan ba. Sai ta ɗauke. Laifina ne, Mama, ni ne ban...

MAMA: Ka ajiye rabon laifi sai an kwana biyu, shugaba ma na da kasonsa. Ya ake gyarawa?

INJINIYA: Ku ɗora linzami a kan agogon, ku danna ɓangaren dama. Za ku ga inda aka ce a gyara kwanan wata.

MAMA: Na gani. Na danna. Kash, tana tambayar kalmar sirri ta mai kula.

INJINIYA: Kalmar sirri.

MAMA: Na sa tawa ta ƙi. Taka take so. Faɗo.

INJINIYA: E... to... Mama, ko akwai wata nas kusa ku ba ta wayar?

MAMA: Ba kowa, duk suna can. Mece ce?

INJINIYA: Bari in turo ta a saƙo.

MAMA: Saƙo a wannan sabis ɗin? Sai gobe ya iso. Ɗan nan, kana so in tashi in zo in same ka ne?

INJINIYA: Harafi-harafi zan faɗa. Z.

MAMA: Wane? S?

INJINIYA: Z ta zabo. U. M ta mota. A. T ta tebur. A.

MAMA: Z, U, M, A, T... zumata?

INJINIYA: ...Sai lamba ɗaya a ƙarshe.

MAMA: Hm.

INJINIYA: Ita ce ta... wato sunan da nake...

MAMA: Ban tambaye ka ba. Ban ji komai ba, rubutu kawai na yi. Ta buɗe.

INJINIYA: Ku sa ranar yau, da wata, da shekara. Shekarar ce ta fi muhimmanci, ku duba ta sau biyu. Sai lokaci.

MAMA: Rana... wata... Yau nawa ga wata ma? Kaina ya kulle.

INJINIYA: Sha takwas. A'a, jiya ne sha takwas. Sha tara! Ku duba wayarku.

MAMA: Wayar na kunnena! Sha tara ne, ga kalanda a bango. Na sa. Na adana.

INJINIYA: Ku rufe rumbun gaba ɗaya ku sake buɗewa. Kada dai ku zare wa kwamfutar wuta, in ta rasa wuta za ta sake mantawa.

MAMA: Na buɗe. Irin jini... waɗanda lokacinsu ya yi... Bismillahi.

INJINIYA: Me ta yi?

MAMA: Tana juyawa.

INJINIYA: Har yanzu?

MAMA: Tana juyawa... Ka yi shiru mana!

INJINIYA: Ban ce komai ba, Mama.

MAMA: Numfashinka ne ya cika min kunne. Tsaya. Ga su! Ga su nan sun fito! Mutum biyar!

INJINIYA: Allahu akbar! Ku kwafe su a takarda yanzu-yanzu, kafin a sake ɗauke wuta!

MAMA: Ina biro... ga shi. Malamin makaranta, wannan ya yi nisa. Mai gidan burodi, yana bayan kasuwa. Wata ma'aikaciyar banki. Tela... Kai! Telan bakin ƙofar asibiti! Shekara nawa ina wuce shi, ashe shi ma... Bari in leƙa taga. Ga shi can a kan kekensa! Sista! Sista! Ki bar abin da kike yi, ki ruga bakin get ki ce wa tela ina kiransa, ya bar ɗinkin! Ki tambaye shi ko ya karya, in bai ci ba a saya masa wani abu!

INJINIYA: Saura ɗaya, Mama, likita biyu ya ce.

MAMA: Mai burodi zan kira, yana da babur. Sauka daga layin, katina ya kusa ƙarewa, matar nan ta waya har ta yi min gargaɗi.

INJINIYA: Ga ni nan tahowa, yanzu zan nufi tasha. Mama, ku ce wa likita... in abin ya zo da zaɓi, ita za a ceta. Ko da cikin ne zai... ku ce masa ni na ce, ita.

MAMA: Wane ciki?

INJINIYA: Cikin da ke jikinta mana!

MAMA: Au. Ban faɗa maka ba?

INJINIYA: Faɗa min me?

MAMA: Ai tun ƙarfe takwas aka ciro ta. Mace ce. 'Yar mitsitsiya, amma ta cika ɗakin jarirai da tsala ihu, ungozoma ta ce ba ta taɓa jin...

INJINIYA: Mace? Tun takwas? Mama, kuna nufin ni yanzu... Halo? Halo, Mama? Mama!